Kofin Azurfa, Masara da Mayya: Sharhi a Kan Fim Ɗin The Witch

Fim: The Witch (2015)
Labari da ba da umarni: Robert Eggers
Ɗaukar hoto: Jarin Blaschke
Kiɗa: Mark Korven
'Yan wasa: Anya Taylor-Joy, Ralph Ineson, Kate Dickie, Harvey Scrimshaw
Tsawo: minti 92

Mai karatu, idan ka saba da finafinan ban tsoro na Amurka, irin waɗanda dodo kan faɗo daga bayan ƙofa ana doka kiɗa kamar za a fasa maka kunne, to ajiye wannan sabon a gefe kafin ka zauna kallon The Witch. Fim ne mai tafiyar hawainiya. Iyali ne na mutum bakwai, da baƙin bunsuru guda, da gonar masara da ta ƙi, sai daji a bayan gida. Shi ne dogon fim na farko da Robert Eggers ya ba da umarni. An kashe masa kimanin dala miliyan 4, ya dawo da kusan miliyan 40, ya kuma ciyo wa Eggers kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Sundance a 2015.

Yawancin waɗanda suka kalle shi, hirar bunsurun suke yi. Ni kuwa abin da nake so mu tattauna a kai wani kofi ne na azurfa, wanda in ka yi sakaci ma ba za ka riƙe shi ba. A ganina a cikin kofin nan jigon fim ɗin yake. Tun yanzu ka sani zan faɗi yadda labarin ya ƙare, domin ba za a iya auna fim ɗin ba sai da ƙarshensa.

LABARIN A TAƘAICE

A shekarun 1630 ne, a yankin New England na Amurka, lokacin da Turawan Ingila mabiya wata ɗariƙar Kirista mai tsanani da ake kira Puritan suka fara kafa ƙauyuka a can. Wani magidanci mai suna William ya saɓa da dattawan garinsu a kan addini, ya ƙi sauka daga ra'ayinsa, suka kore shi. Ya kwashi matarsa Katherine da 'ya'yansu, wato budurwa Thomasin, da ƙanenta Caleb, da tagwaye Mercy da Jonas, suka je bakin wani ƙungurmin daji suka kafa gida. A can aka haifi na biyar, Samuel.

Wata rana Thomasin na yi wa jaririn wasa, tana rufe ido da tafin hannu tana buɗewa. Buɗewar da za ta yi, babu yaro babu alamarsa. Uban ya ce kyarkeci ne. Uwar ta kwanta kuka da addu'a ba dare ba rana. Ana cikin haka masara ta kamu da wata cuta mai kama da burtuntuna, ga lokacin ƙanƙara ya ƙarato, ga rumbu wayam. Kaza ta yi ƙwai, aka tarar da mataccen ɗan tsako cikin jini. Aka je tatsar akuya, jini ya zubo maimakon madara. Caleb ya shiga daji neman abin da za a ci, ya ɓace, ya dawo tsirara cikin ruwan sama ba ya cikin hayyacinsa, washegari ya cika. A gefen shimfiɗar da yake jinya ne tagwayen suka nuna yayarsu da yatsa suka ce mayya ce. Daga nan gida ya kama cin kansa, har aka wayi gari babu wanda ya rage sai ita.

SHIRUN UBA

To, ina kofin ya shigo? Katherine na da wani kofin azurfa da ta gada daga mahaifinta, abin da ya rage mata na tunawa da Ingila. Da William ya ga gona ba za ta ciyar da su ba, sai ya ɗauki kofin a ɓoye ya musanya shi da tarkuna. Ya gaya wa Caleb a cikin daji, ya ce kada ya kuskura ya faɗa wa uwarsa. Ka ga tun a nan ya mai da yaro abokin ƙaryarsa. Da suka dawo uwar ta tambayi inda suka je, Caleb ne ya yi caraf ya ce tuffa suka je nema.

Sai fitowar da nake ganin ta fi kowace a fim ɗin. Dare ne, an zauna cin abinci a hasken kyandir, abincin ma ba wani na kirki ba. Katherine ta dubi Thomasin ta tambaye ta kofi. Yarinya ta ce ba ta gani ba. Uwar ta ci gaba da matsa mata, har ta yi mata gugar zana da cewa ko shi ma kyarkecin ne ya ɗauke. Mai karatu, lura da kyau: a teburin nan akwai mutum biyu da suka san gaskiya. Uban yana zaune. Iyakar abin da ya iya shi ne ya ce a bar maganar. Bai ce shi ya ɗauka ba.

Babu jini a fitowar nan, babu dodo, amma a nan aka yanka yarinyar. Daga wannan dare ta zama wadda abubuwa ke ɓacewa a hannunta: jiya jariri, yau kofi. Duk wanda aka yarda ɓarawo ne a cikin gida, kiransa maye ba zai yi wuya ba. William ya fito ya faɗi gaskiya daga baya, bayan Caleb ya ɓace, amma a lokacin tuni zargin ya yi saiwa a zuciyar uwar.

Abin da ya sa rubutun Eggers ya yi ƙarfi shi ne bai mai da William azzalumi ba. Mutum ne mai son 'ya'yansa, mai yawan ibada, mai kuka a gaban Ubangijinsa. Sai dai girman kai ya hana shi cewa ya kasa. Bai iya noma ba. Da ya auna zomo da bindiga, a fuskarsa ta tashi. Abu ɗaya ya iya, faskare, shi ya sa duk lokacin da abin duniya ya ishe shi sai ka gan shi da gatari, har itacen ya taru ya yi tsiri a jikin gida. Ranar da Thomasin ta gaji ta amayar masa da duk wannan a fuska, ta tuna masa kofin, ta tuna masa shi ya fara kai Caleb daji ya bar ta da ɗaukar laifi, abin da ya yi shi ne ya kulle ta a ɗakin awaki tare da tagwayen, ya buga katako da ƙusa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. A ƙarshe bunsurun ya soke shi, tarin itacen nan nasa ya rufto masa.

LISSAFIN BAKUNA

Akwai wata fitowar da ta biyo bayan ta kofin. Yara na kwance a sama, iyaye na magana a ƙasa suna zaton sun yi barci. Uwar ta ce yunwa za ta kashe su, kuma Thomasin ta girma, a kai ta gari aikatau a gidan wasu. Gaskiya ne cewa tura matasa aiki a gidan wasu abu ne da Turawan wancan zamani suka saba. Amma duba lokacin da shawarar ta zo. Gida ya ƙirga masara, ya ƙirga bakuna, ya ga dole a rage ɗaya, kuma an riga an zaɓi wanda za a rage tun kafin kowa ya furta kalmar maita. Jin wannan hira ne ya sa Caleb ya sulale da asuba zuwa duba tarko, don a samu abin da zai hana a rabu da yayarsa. Wato hirar iyayen ce ta aika shi inda ya gamu da ajalinsa.

Wannan tsari, yunwa a gaba zargi a baya, ba Eggers ne ya ƙago shi ba. A ƙarshen watan Mayu na 1626 wani sanyi mai tsanani ya ƙone inabi da hatsi a yankin Würzburg da Bamberg na ƙasar Jamus. Abinci ya yi tsada, talakawa suka fara neman wanda ya jawo. Daga shekarar zuwa 1631 an ƙone ɗaruruwan mutane a garuruwan biyu da sunan maita, har da magajin garin Bamberg, Johannes Junius, wanda a 1628 ya aika wa 'yarsa wasiƙa a ɓoye daga kurkuku yana shaida mata azaba ce ta sa ya amsa laifin da bai yi ba. Shi ma cin amanar jini yana cikin kundin kotuna. A shari'ar Pendle ta Ingila a 1612, yarinya 'yar shekara 9, Jennet Device, ita aka tsayar ta ba da shaida a kan uwarta da yayanta, aka rataye su. A Salem, cikin New England ɗin dai, a 1692, inda aka rataye mutum 19, Margaret Jacobs ta ba da shaida a kan kakanta, daga baya ta janye ta ce tsoro ne, amma janyewar ba ta cece shi ba. Idan ka san waɗannan, tagwayen fim ɗin ba za su ba ka mamaki ba.

Kada kuma ka ce abin na da ne. Wani masanin tattalin arziki, Edward Miguel, ya wallafa bincike a 2005 a kan ƙauyuka 67 na gundumar Meatu a Tanzaniya. Ya gano cewa a shekarun da aka yi fari ko ambaliya, kisan waɗanda ake zargi da maita yakan ninka sau biyu. Kusan duk waɗanda ake kashewa tsofaffin mata ne, kuma galibi danginsu ne ke kashe su. Tsohuwa baki ce mai ci, hannunta kuma ya daina noma. Kunya ba za ta bari a ce an kore ta saboda tuwo ba. Amma in aka ce ita ta kama kurwar jikanta, sai korar ta zama aikin lada.

Thomasin ma ta taimaka wa masu zarginta ba da saninta ba. A bakin rafi, da Mercy ta ishe ta da rashin kunya, sai ta tsorata ta da cewa ai ita ce mayyar dajin, ita ta sace Samuel. Wasa ne irin na ya da ƙanwa, wanda a shekarar ƙoshi da dariya zai ƙare. A shekarar yunwa sai ya zama shaida. Baki shi ke yanka wuya.

AIKIN DARAKTA DA 'YAN WASA

Kafin ya zama darakta, Eggers mai tsara dandali da sutura ne, kuma abin ya nuna. An gina gidan da gonar a wani daji da ke lardin Ontario na Kanada, da irin kayan ginin wancan zamani. Jarin Blaschke ya dogara da hasken rana mai gajimare da na kyandir, shi ya sa hoton ya fito toka-toka, kamar ita kanta ƙasar tana jin yunwa. Sau da yawa yakan ajiye kyamara nesa, ka ga mutane 'yan mitsi-mitsi, itatuwa sun yi musu rumfa. Kiɗan Mark Korven kuwa, da muryoyin mata masu hauhawa, yakan sa ka ji tsoron dajin ko da ba a nuna komai ba.

A ƙarshen fim an rubuta cewa yawancin maganganun an ɗebo su ne daga littattafan tarihin rayuwa da takardun kotu na zamanin. Wannan ya ba fim ɗin ƙamshin gaskiya, amma ya zo da matsala: tsohon Turanci ne, ga muryar Ralph Ineson kamar daga cikin rijiya. Ko wanda ya yi boko mai zurfi sai ya nemi mai rubutu a ƙasa.

Kate Dickie ta yi ƙoƙari ƙwarai a matsayin uwa. Ba ta fito a muguwa ba, ta fito a macen da baƙin ciki ya cinye. Duba inda ta shiga kabarin Caleb ta kwanta a jikin gawar. Harvey Scrimshaw, yaro ƙarami, ya riƙe fitowar mutuwarsa shi kaɗai, mai tsawo, ba tare da ya yi sanyi ba. Ita kuwa Anya Taylor-Joy, wannan ne babban fim ɗinta na farko, kuma da ido ta yi rabin aikinta. Kallon da take yi wa ubanta a wurin cin abincin nan, tana jiran ya kare ta, ya fi dogon jawabi.

INDA FIM ƊIN YA YI TUNTUƁE

Tun a mintunan farko Eggers ya nuna mana mayya ta gaske, tsohuwa a cikin daji, da abin da ta yi wa jaririn. Wasu masu sharhi sun ce wannan kuskure ne, ya kashe kokwanto. Ni ban bi su ba. Nuna ta da wuri ya sa mu 'yan kallo mun san Thomasin ba ta da hannu, saboda haka duk ƙazafin da ake yi mata a kan idonmu ake yin sa, muna ji muna gani.

Matsalata da ƙarshen ne. Bayan uban ya mutu, tagwaye sun ɓace, uwar ta shaƙe Thomasin tana ɗora mata komai, yarinyar ta kare kanta da wata 'yar adda, uwar ta mutu a jikinta. Ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan tebur. Wallahi da a nan aka tsaya, da fim ɗin ya cika. Amma sai dare ya yi, bunsuru ya yi magana, ashe Shaiɗan ne, ya yi mata tayin daɗin duniya, ta sa hannu a littafinsa, ta shiga daji ta tarar da taron mayu, ta tashi sama tana dariya.

Na san amsar masu kare shi: iyalinta ne suka tura ta, sun kira ta mayya har ba ta da sauran wurin zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Duba ma da me aka fara jan ra'ayinta: man shanu da riga mai kyau, wato tayin da ake yi wa mai jin yunwa. Amma fim ba a takarda ake kallonsa ba. Ka sa shi a gaban mutum goma, sai bakwai sun tashi suna cewa, "Ka gani ko? Ashe dai uwar ta yi gaskiya!" Minti tamanin an yi ana gina shari'ar wanke yarinya, minti goma na ƙarshe suka miƙa wa masu ƙazafi hujja. Kuma yadda aka ɗauki tashin nata sama, kamar wata nasara, shi ya sa har wata ƙungiya a Amurka mai suna The Satanic Temple ta fito ta rungumi fim ɗin a 2016. Yarinyar da ta rasa kowa nata ta faɗa hannun wanda ya kashe mata 'yan'uwa, ina nasara a nan?

Gwada shi da finafinan Afirka biyu a kan wannan jigo. A Delwende na S. Pierre Yaméogo, daga Burkina Faso, 2005, yara na mutuwa a ƙauye, aka ɗora wa wata matar aure, da hannun mijinta a ciki, alhali sanƙarau ne. A I Am Not a Witch na Rungano Nyoni, 2017, wata ƙaramar yarinya ce a Zambiya aka laƙaba wa maita, aka ɗaure ta da dogon ƙyalle, wani jami'in gwamnati na yawo da ita yana neman kuɗi, ana jiran ta saukar da ruwa a lokacin fari. Daraktocin nan biyu ba su nuna mayya ko ɗaya ba. Sun san cewa a inda suka fito, kalmar tana kashe mutum har gobe, saboda haka ba su yi wasa da ita ba. Eggers ya fi su kayan aiki da iya tsoratarwa. Su kuma sun fi shi sanin nauyin abin da suka ɗauko.

Sauran ƙananan kurakurai: ba a gaya mana takamaiman abin da ya haɗa William da dattawan gari ba, kuma makomar tagwayen an bar ta a duhu. Sannan a sani akwai tsiraici da jini a wasu wurare. Ba fim ne na kallo da yara ba.

MU FA?

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san ƙanƙarar maita, mun san kamun kurwa, mun san yadda akan tasa tsohuwa a gaba a ce sai ta tsallaka mara lafiya. Mun san gidan da in aka laƙaba masa sunan nan, 'ya'yansa mata sai su rasa manema, tunda an ce a nono ake sha. Amma sau nawa finafinanmu na Hausa suka tsaya a gefen wadda ake zargi? Abin da aka fi yi shi ne a shafa wa 'yar wasa baƙi a ido, a sa mata dariyar ƙeta da hayaƙin kwamfuta, a ƙarshe malam ya zo da carbi ta ƙone. Kullum zargin gaskiya ne. Ba a cika tambayar wa ya fara faɗa ba, me yake ɓoyewa, wa zai gaji gonar ko ɗakin in an kore ta. Alhali addinin da ake fakewa da shi a ƙarshen fim ɗin, shi ne ya sa ƙazafi cikin manyan zunubai.

Ƙasar da ta ga yunwar Kakalaba a 1914 da farin 1973 ba ta rasa labarin abin da rumbu wayam ke yi wa zumunci ba. Marubutanmu da furodusoshinmu ba sa buƙatar dala miliyan 4. Gida ɗaya ya isa, da damina ɗaya da ta ƙi, da magidanci ɗaya da ya sayar da abin da ba nasa ba ya yi shiru.

Shawarata, nemi The Witch ka kalla, ko don aikin kyamara da wasan yaran nan. In ka zo wurin cin abincin dare, rage hira, ka zuba wa uban ido.